Man Iyali

Talata, da hantsi

Sun ce in zauna a gida in huta. Manaja ne ya faɗa, da wannan muryar tasa ta masu zuwa ta'aziyya. Hutun me? Na share falo na sake sharewa, na wanke kwanukan da ba su yi datti ba, na rasa inda zan sa hannuna, shi ya sa na ɗauko biro.

Mijina Kyaftin yana kwance a doguwar kujera tun jiya da ya shigo. Da kayan aikinsa ya kwanta, takalmi kawai ya cire. Idonsa biyu, na sani, don mai barci ba ya ɗauke numfashi idan matarsa ta wuce.

Kowa ya sauka lafiya. Abin da kowa ke ce min ke nan a waya, sai godiya. Na gode wa Allah, wallahi na gode. Amma su ba su ji muryarsa ba, ni na ji. Ina zaune a teburina a ɗakin shirya tafiya, inda nake lissafa wa kowane jirgin kamfaninmu man da zai sha kafin ya tashi. Lissafin jirginsa na jiya ma ni na yi. Sai ga muryar mijina a rediyo ta cika ɗakin, a natse kamar mai tambayar hanya, yana gaya wa hasumiyar filin jirgi mansa ya kai inda ba zai iya ƙara jira ba. Dogo, wanda teburinsa ke manne da nawa, ya juyo ya kalle ni. Sauran ba su juyo ba, nasu ya fi yi min ciwo.

Laraba, da azahar

Bai ci komai ba. Ya sha ruwa.

Alhamis, bayan la'asar

Inna ta zo, mahaifiyarsa. Ba wanda ya gaya mata, a bakin maƙwabta ta tsinta. Ta shigo ko mayafi ba ta cire ba, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana juyawa kamar mai duba ko an canza mata ɗa. Ya ce, "Inna, lafiyata lau." Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da na ji daga bakinsa tun ranar.

Ta biyo ni kicin ta tsare ni da tambaya. Na ba ta a taƙaice: hadari ya taso ba zato ya rufe filin da zai sauka, ya yi ta zagaye, ya juya fili na biyu, can kuma wani jirgi ya fasa taya ya tare titin sauka. Da ya samu ya dira, ya riga ya taɓa man ajiyar ƙarshe, wanda doka ta ce kada a taɓa.

Ta riƙe haɓa. "To su masu jirgin tsiya ce ta kama su? 'Yar nan, ba sai a cika tankin ba kawai?"

Na soma yi mata bayanin da na yi wa mutane har bakina ya saba. Man jirgi nauyi gare shi, Inna. Jirgin da ya ɗauki man da ba ya buƙata sai ya ƙona wani man don ya ɗauki wancan, hayaƙin kuma sama yake tafiya, shi ke ɗumama duniya, shi ya sa damina ta rikice, shi ya sa ruwa ya ci gidan Babanmu shekarar da na gaya miki. Na ga Baba tsaye a kan teburi ruwa na iya gwiwarsa, tun ranar na ƙudurta in dai ta hannuna ne hayaƙin nan sai ya ragu.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Hayaƙin duniya duka a kanki aka ɗora shi?"

Na ci gaba da yanka albasa. Ta yi min rana, albasar nan.

Asabar, da safe

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata za ta rage bugu.

Matuƙa suna da wata al'ada tun kafin in fara aiki. Za mu yi lissafinmu tsaf: na tafiya, na zagaye, na juyawa wani fili, da na ajiya. Sai matuƙi ya zo tagar ofishinmu ya duba, ya ƙara nasa a kai, ya ce, "Wannan na iyali ne." Ko sama ta yi fes kamar an wanke ta sai an ƙara. Ba ya cikin kowane littafi, amma doka ta ba matuƙi magana ta ƙarshe. A wannan tagar ma muka haɗu da Kyaftin. Ya ƙara, na ce masa lissafina ba ya buƙatar gyara, ya ce, "To, Uwar Lissafi, ni ba ni da iyali tukuna, amma ina fata." Sunan ya bi ni har ɗakin aure.

Da kamfani ya fito da shirin rage hayaƙi, ni ce a gaba. Ni na tsaya a taro na nuna yadda na iyalin nan, in aka tara na shekara, yake zama tulin hayaƙi a banza. Sai Manaja ya kawo nasa: allo a bango, sunayen matuƙa a jere, mai ƙari kaɗan a sama da kore, mai ƙari da yawa a ƙasa da ja. Ban ce a yi allon ba. Ban kuma ce kada a yi ba.

Sunan wa ke can ƙasa, ja wur, wata bayan wata? Kullum in na shigo sai Dogo ya ce, "Maman Auta, iyalin nan naku dai akwai ci." A yi dariya, ni ma in yi, amma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Litinin ɗin nan, Kyaftin bai ƙara ko ɗigo ba. Ya duba, ya sa hannu, ya tafi bai kalle ni ba.

Iya abin da zan rubuta ke nan.

Lahadi, da yamma

Ya fita da mota wai zai sayo burodi. Ya dawo babu burodi, ya cika tanki. Allurar man tana sama da rabi sanda ya fita, na gani da idona.

Talata, da rana tsaka

Manaja ya kira. Ya yi ta gaisuwa har na ce masa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kwamitin bincike zai zauna mako mai zuwa, da mutanen hukuma. Tambayarsu ɗaya ce: mutumin da bai taɓa tashi ba tare da ya ƙara ba, me ya hana shi ranar?

Ya ce, "Kin san in ya ce allon ne ya matsa masa, shirin nan ya mutu murus, duk wahalarki ta tashi a banza. In kuma ya ce ganinsa ne, to shi da hukuma." Sannan ya ce, "Ki ɗan yi masa magana mana."

In yi masa magana! Ni! Na kashe wayar.

Shi da hukuma yana nufin lasisinsa. Ba sai an fassara min ba. Mutumin nan bai iya komai ba sai tuƙa jirgi, ƙwan lantarki ma ni nake canzawa a gidan nan. In suka karɓe, ban san wa zai rage a kan kujerar can ba. Tsoro nake ji, tsoron da ke sa ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Laraba, da sassafe

Ya cika duk bokitan gidan da ruwa, alhali famfo yana zuwa. Ya sayo tukunyar gas ta biyu ya jingina kusa da wadda ba ta yi rabi ba. Wayarsa kullum a jone take da caji.

Har yau bai ce min Uwar Lissafi ba. Ba ya kiran sunana ma, sai "akwai shayi?"

Alhamis, bayan magariba

Muna cin abinci, ni da Inna da 'yarmu Auta, shi yana ɗaki. Inna tana ta mita ita kaɗai, wai yaron da tun yana ƙarami ba ya fita sai ya sa guzuri biyu a jaka, me ya same shi ranar nan? Sai Auta, da shinkafa cike da baki, ta ce, "Ai Mama ce ta ce masa matsoraci ne. A nan wurin. Ta ce ya tsufa a sama amma har yanzu tsoronta yake ji, ya sa ana yi mata dariya a ofis. Baba bai gama cin abincinsa ba."

Cokalin Inna ya tsaya a hanya.

Na so ta wanke ni tas. Na so ta kira ni da duk sunan da ta ga dama. Ta ajiye cokalin, ta goge wa Auta baki da gefen zanenta, ta ce, "Ci a hankali, kada ki ƙware."

Juma'a, da hantsi

Inna ta gaishe ni yau kamar kullum. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Lahadi, da la'asar

Na same shi a bayan gida yana wanke motar da ya wanke jiya. Na tsaya a kansa na ce gobe zan bi shi wurin kwamiti, ina da abin da zan gaya musu.

Ya matse tsumman ya ce, "Ki gaya musu me? Matata ta yi min gori a kan shinkafa?"

Na ce ai gaskiya ce.

Ya ce, "Wa ya sa hannu, Maman Auta?" Ya ce, "Na duba rahoton yanayi, fes yake. Lissafinki daidai ne, na sake bi a kaina sau ba adadi ina neman inda kika yi kuskure, don in samu wanda zan ji haushi. Babu. Ni ne na sa hannu da zuciya maimakon da kai."

Ya ci gaba da goge gilas. Na ga hannunsa, tsumman ne ke karkarwa. Da ya lura ina kallo sai ya tura hannun cikin bokiti.

Litinin, da azahar

Ya tafi shi kaɗai. Na goge masa rigar har ta kusa ƙonewa. Duk motar da ta wuce ƙofar gida sai na leƙa.

Litinin, da yamma

Ya dawo. Shi bai ce komai ba, Dogo ne ya kira ni yana raɗa daga bayan ofis. Wai Kyaftin ya ce musu shi ya yanke, ba wanda ya riƙe masa biro. Sannan ya ce shirin rage hayaƙi ba shi da laifi, jirage suna yawo da man banza kowa ya sani, amma allon nan a sauke shi, don ranar da matuƙi ya fi tsoron ganin sunansa da ja a kan tsoron hadari, ranar za a yi kuka. Dogo ya ce fuskar Manaja ta koma kamar ya haɗiyi ƙashi.

Ba su karɓe lasisin ba. Ba su kuma sake shi ba. Sai ya shiga akwatin gwaji, ɗakin nan da aka ƙera kamar gaban jirgi, ba ya zuwa ko'ina amma yana girgiza yana kawo wa mutum duk masifar sama. In ya ci, ya koma aiki.

Ko sunana bai ambata ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Auta ta ji.

Alhamis, da rana

Bai ci gwajin ba.

Juma'a, da safe

Jiya ya shigo rigarsa sharkaf. Inna ce ta samu ta ji daga bakinsa, ni ina bayan labule kamar ɓarauniya a gidana. Wai komai ya tafi daidai har suka kawo masa hadari, sai idonsa ya maƙale a kan ma'aunin mai. Tanki cike, amma ya kasa ɗauke kai. Mai gwajin ya yi masa magana bai ji ba.

Saura dama ɗaya, mako mai zuwa.

Inna ta fito ta tarar da ni. Ta dubi bokitan da ke jere a tsakar gida, da tukunyar gas biyu, ta girgiza kai. Ita da ta ce a cika tanki, yau ita ce ta ce min, "'Yar nan, wannan cike-ciken ba na lafiya ba ne." Ta sunkuya ta tuntsurar da bokiti ɗaya a kan shukokina, ta ɗauki na biyu. Kyaftin ya leƙo ta taga yana kallonta. Bai hana ta ba.

Lahadi, da hantsi

Na yi mafarkin allurar mai tana sauka tana sauka. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, da yamma

An kira ni na koma aiki. Allon ya tafi, ya bar tabon fenti mai haske a bango, kowa yana yi kamar bai gani ba. Shirin yana nan, sai dai yanzu in akwai alamar hadari mu da kanmu muke ƙarawa tun daga teburi. Manaja ya ce daga yau Dogo ne zai riƙa lissafa jiragen Kyaftin, in har ya dawo. In har. Na ji kalmar nan har ƙashina.

Lissafin farko da na yi, sai da na maimaita shi har Dogo ya ce, "Baiwar Allah, jirgin nan yau zai tashi ko sai jikokinmu?"

Alhamis, da azahar

Ya ci! Ya ci, Allah na gode maka! Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabciya ta leƙo. Ya ci abinci faranti biyu.

To me ya sa tsoro ya kama ni tun da na ji? Jibi zai tashi.

Asabar, da hantsi, a ofis

Ina rubutu ne a kan cinyata, jirginsa yana sama.

Tun safe na addabi Dogo. Na leƙa lissafinsa, daidai yake, ni na koya masa. Rahoton yanayi fes, nan da can, ko gajimaren kirki babu. Amma na ce masa, "Dogo, don Allah ka cika masa." Ya zaro ido ya ce, "Ke? Ke da bakinki?" Na ce ban tambaye ka tarihi ba. Ya ce ba zai iya ba, ba shi da dalilin da zai rubuta.

Sai ga Kyaftin a taga, da hularsa a hammata. Ya karɓi takardar ya karanta rahoton a hankali, ya koma farko ya sake bi. Ya ɗauki biro.

Ban san sanda na miƙe ba. A gaban Dogo, a gaban Manaja, a gaban duk waɗanda na tsaya na yi wa jawabi a taro, na ji bakina yana cewa, "Ƙara na iyali." Muryata ta fashe. Na ce, "Don girman Allah ka ƙara. Ka cika shi."

Ya ɗago ya dube ni, kallon da rabona da shi tun kafin abin nan. Ya ce, "Uwar Lissafi, zo ki duba da kanki. Kin ga wani abu a sama?"

Na zo na duba. Na nema, wallahi na nema, ko ɗan gajimare ne in kama. Na ce ban gani ba.

Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Da akwai, da na ƙara, ko da za a rubuta sunana da ja a ƙofar gari. Amma in na cika shi yau don tsoro, gobe ma sai na cika, jibi ba zan iya hawa ba. Ki bar ni in tafi da lissafi."

Ya sa hannu. Hannun bai yi rawa ba, nawa ne ke yi a kan katakon taga.

Abin da na nema ke nan, ko ba shi ba? Wata da watanni ina nema, a taro, a ofis, a kan teburin cin abinci. Ga shi an ba ni. Yanzu ina kallon ɗan ɗigon jirginsa yana rarrafe a na'ura, na san adadin abin da ke cikin tankin nan fiye da kowa a duniya, na san ya isa har ya yi saura, amma na kasa ɗauke ido daga kansa. Dogo ya ajiye min shayi ya huce. Ashe haka ake ji. Ban taɓa tambayarsa yadda yake ji ba idan ya zo tagar nan.

Asabar, bayan magariba

Ya je ya dawo. Da ya dira, Dogo ya buga teburi ya ce, "To a sake mana numfashi!" Aka yi dariya, ni na kifa kai a kan takardu.

Na jira shi a wurin ajiye motoci muka taho tare, shi ke tuƙi. Yana ta ba ni labarin mataimakinsa da ya zubar da shayi a wando, yana dariya, ni ina cewa uhm. Da muka hau babban titi na lura allurar mai ta sauka ƙasa da rabi. Ga gidan mai a hannun dama, fitilu tar, babu layi. Na buɗe baki, na ji hannuna ya ɗaga zai taɓa kafaɗarsa.

Ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Ki tuna min mu tsaya mu sayi burodi, ranar nan ban sayo ba."

Na mayar da hannuna cinya. Ni ce na yi ta kallon allurar har muka iso gida.